Kasuwar Hasashe a Kan Dambe: Ciniki Ne Ko Caca?

(Daga jawabin da aka gabatar wa matasa a Unguwar Kanawa, Kaduna)

Wani matashi ya tambaye ni hukuncin abin da ake kira kasuwar hasashe, irin su Polymarket da Kalshi. Ya ce shi ba caca yake yi ba, hannun jari yake saye ta waya a kan wanda zai yi nasara a damben UFC, wanda ake haɗa naushi da shuri da kokawa.

To, mu duba haƙiƙanin lamarin. Ka sayi "zai ci" a kan ƙasa da dala ɗaya. Idan ya ci, a cika maka dala. Idan aka kayar da shi, kuɗinka sun koma aljihun wanda ya sayi "ba zai ci ba". Ina hajar da aka saya? Babu. Ribar wannan ita ce asarar wancan, daidai da masu sa kuɗi tsakanin Kudu da Arewa a gidan dambe. Wannan shi ne maisir, wanda aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta haɗa shi da giya.

Sai ya ce ai da ilimi yake saye. A watan Agustan 2022 Kamaru Usman yana gaba da maki, saura kimanin minti ɗaya a kammala zagaye na biyar, Leon Edwards ya shure shi a ka, ya sume. Waɗanda suka sa kuɗi a kansa su ma da ilimi suka sa. Kuma ko da hasashensu ya dace, hukuncin bai sauya ba.

Wanda ya riga ya ci irin waɗannan kuɗi, ya tuba, ya fitar da su zuwa maslahar jama'a.