Kyanwoyi Sun Yi Yawa A Unguwa



Kyanwa guda a gida alheri ce, ita ke korar ɓera daga rumbu. Amma fa cikinta kamar kwana 65 ne, takan haihu sau biyu ko uku a shekara. In suka yi yawa, sai su koma kan 'yan tsaki da kifin banda.

Abinci ke tara su. Kayan cikin kifi, ku binne, kada ku zubar a bakin tafkin Kainji. Da dare ku rufe banda da akurki.

Kada ku sa guba, kaji ko yara na iya ci. Muzuru kuwa, ku kai wa likitan dabbobi ya fiɗiye shi.

Allah ya kiyaye mana amfaninmu, amin.