Jam'in Suna a Turanci: Ina Wuyar Take?



Mu da muka tashi muna cewa gida gidaje, sarki sarakuna, akuya awaki, littafi littattafai, bai kamata jam'in Turanci ya razana mu ba. Babbar hanyar Bature guda ɗaya ce: ya liƙa harafin s a ƙarshen suna. Kusan kowace sabuwar kalma ta nan take bi, kamar yadda kalmomin aro da yawa suke bin sawun motoci da tashoshi a wurinmu. A 1958 wata masaniya Ba'amurkiya, Jean Berko, ta nuna wa yara zanen wata halitta da ta laƙaba wa suna wug, sa'an nan ta nuna musu guda biyu. Mafi yawansu suka ce wugs, alhali ba su taɓa jin kalmar ba.

To, ina aka samo feet da mice da oxen? Waɗannan kufai ne na tsohon Turanci, lokacin da shi ma yake da hanyoyin jam'i barkatai. A jam'in foot da can akwai wasalin i a ƙarshe. Shi ya ja wasalin tsakiya zuwa gare shi, daga baya ya faɗi, ya bar mana feet. Children kuwa jam'i biyu take ɗauke da su: r ɗin tsohon jam'i ne, aka zo aka ɗora masa en. Da yawa ba su tsira ba. Jam'in book a da bec ne, s ta haɗiye shi. Waɗanda suka rage kaɗan ne, dare ɗaya ya isa a haddace su.

A ganinmu, ramin da muke faɗawa a jarrabawa yana wani wuri dabam. Da yake muna cewa labarai da shawarwari, sai hannunmu ya rubuta informations da advices, har da furnitures da equipments. Bature ba ya ƙirga waɗannan, kamar yadda ba mu ƙirga gari sai da mudu. In shawara biyu yake nufi, sai ya ce two pieces of advice. Haka kuma criteria da phenomena, waɗanda aka aro daga Girkanci, jam'i ne tun asali. Tilonsu criterion da phenomenon. Mai duba takarda yakan ja jan biro a kan a criteria ko da sauran amsar ta yi kyau.