Dokar Shige da Fice da Ɗaliban da Ke Gabanmu



Masu neman a tsaurara dokar shige da fice suna da hujja, domin wajibi ne ƙasa ta san wanda ke cikinta. Amma mu tuna 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar Ghana, Hausawan zango da dama suka rasa muhallinsu. A 1983 gwamnatin Shagari ta yi makamancin haka, 'yan Ghana wajen miliyan guda suka bar Nijeriya. Duka biyun an raba yara da azuzuwansu ana tsakiyar karatu, alhali ba su karya wata doka ba.

Matsayinmu shi ne a binciki takardun manya, a ba iyali wa'adi zuwa ƙarshen shekarar karatu, kada kuma rajistar makaranta ta zama tarkon kama iyaye.