Jawabin Taron Shekara: Ɗan Doka da Huhun Goro

An ce in ɗan yi magana a kan tarihin gidanmu, to ga abin da na ji daga bakin mahaifina, Allah ya jiƙansa.

Da farko sai mu san yadda dokar giya ta samo asali. A shekarar 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a birnin Burasal cewa ba za a kai barasa yankunan Afirka da ba ta riga ta yaɗu ba. Da Lugga ya kama mulkin Arewa a 1900, sai ya hana shigo wa 'yan ƙasa da giyar kwalba. Kudu kuwa gwamnati da harajinta take cin abinci. Wato ƙasa ɗaya, doka biyu. Turawa na sha da lasin, maƙwabtanmu Gwari na dafa burkutunsu na dawa bisa al'ada, amma Musulmi in an kama shi, sai gaban alƙali.

Kakanmu Bakatsine ne. Ya dawo daga yaƙin Bama, ya zauna a nan garin, lokacin ana kiransa Abuja, zamanin Sarki Sulaimanu Barau wanda ya hau sarauta a 1944. Ya shiga aikin ɗan doka na En'e. A wancan lokaci goro kan zo daga Kudu a jirgin ƙasa zuwa Minna, daga nan a ɗora wa mota. Wasu fatake sai su cusa kwalabe a tsakiyar huhu, don sun san ba mai son kwance huhun goro ya sha iska.

Wata rana aka tsegunta masa wani kaya. Ya je ya kwance, sai ga kwalabe jere. Mai kayan kuwa ɗan wansa ne, wanda ya yi wa aure da hannunsa. Dangi suka taru, ana ta ba shi baki. Ya ce jiya-jiya ya kai wani baƙo gaban alƙali a kan irin wannan, da wane ido zai dube shi? Ya kai yaron da kansa, aka ɗaure shi. Amma tun daga ranar har ya fito, kakanmu ne ke auna wa matarsa da 'ya'yansa hatsi daga albashinsa. Da ya fito kuma ya haɗa masa jarin gishiri.

Jama'a, an daɗe da soke aikin 'yan doka, amma huhun bai mutu ba. Yanzu kwali ne. Jihar Neja ta kama shari'a a 2000, Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, duk da haka wa ke ɗauko ƙwaya a cikin kayan shago? Sau da yawa namu ne, masu sha kuma 'ya'yanmu.

Saboda haka ina roƙo, kada kowa ya karɓi saƙon da bai buɗe ba. Wanda muka kama kada mu rufa masa don ɗan gida ne, kuma kada mu bar iyalinsa da yunwa. Allah ya tsarkake mana nemanmu.