Shekarar Ɗan Sakandare a Jalingo da Abin da Ya Rataya a Wuyanmu

  

An umurce mu da mu yi magana a kan yadda shekarar karatu take tafiya a makarantun sakandare na garin nan, domin da yawanmu iyakar saninmu da makaranta shi ne yaro ya fita da safe da yunifom, ya dawo da azahar ya ce a ba shi kuɗin littafi. To jama'a, Jalingo ta yau ba Jalingon jihar Gongola ba ce. Tun da aka ƙirƙiro Taraba ran 27 ga Agusta 1991 garin ya zama hedkwata, ofisoshi suka cika shi, a 2008 kuma aka kafa jami'ar jiha a nan ƙofar gidanmu. Duk kujerar da ke cikin waɗannan ofisoshi da takarda ake hawanta, takardar kuwa daga sakandare take farawa.

Shekarar tana da zango uku. Na farko daga Satumba zuwa Disamba, shi ne na sababbin shiga. Yaron aji ɗaya zai tarar da al'adun da babu su a firamare: asambuli da sassafe, a yi taken ƙasa, a duba farce da aski, makararru su tsaya a bakin get su yi tsintar leda ko yankan ciyawa. Zai tarar da siniyoyi, zai tarar da firifet-firifet da hedboi ko hedgel, waɗanda daga cikin ɗalibai ake naɗa su. Kada mu raina wannan muƙami. Yaron da ya riƙe ƙararrawa ko rajistar aji, ya tsaya gaban ɗaruruwan yara ya yi magana, shi ne gobe ba zai ji tsoron tsayawa gaban ciyaman ba.

Sai dai a wannan zangon ne muke yin ɓarnar da ta fi kowace. Zangon farko shi ne kaka. Masara da shinkafa da gyaɗa da doya suna fitowa, kasuwannin Iware da Mutum Biyu da Garba Chede suna ci, sai mu ce wa yaro yau ka tsare shago, gobe ka bi mota ka ƙirga buhuna. A ganinmu kwana ɗaya ne a mako. Abin da ba mu lura ba shi ne, yanzu ba jarrabawar ƙarshen zango kaɗai ake dubawa ba. Akwai tes da aikin gida da ake tara makinsu, kashi 30 ko 40 cikin 100, kuma malami ba ya aiko da sanarwa gida kafin ya yi tes. Yaro mai ƙwaƙwalwa, wanda zai lissafa maka ribar tirela guda da ka, sai ka ga ya zo na talatin a aji, mu kuma mu ce boko bai karɓe shi ba. Boko ya karɓe shi, mu ne muka sa shi fashi. Har wa yau hukumar WAEC tana karɓar waɗannan makin na shekarun babbar sakandare daga makarantu, wato fashin aji huɗu yana iya bin yaro har aji shida.

Zango na biyu, Janairu zuwa wajen Afrilu, shi ne na wasanni, galibi a cikin hunturu kafin zafin Maris ya sauko, kun dai san zafin garin nan. Ana raba yara gida-gida, ja da kore da shuɗi da rawaya, a yi fareti da gudu da dogon tsalle da jan igiya, gidan da ya ci ya ɗauki kofi. Ku je ku ga yadda maƙwabtanmu Mumuye da Kona da Jukun suke cika rumfa, uwa ta bar abin da take yi ta zo ta yi wa ɗanta guɗa. Namu yaron ya ci gudu, ya waiga, babu ko ƙanin uba. Idan akwai abin da ba mu yarda da shi ba, misali kayan wasan da ake sa wa 'yan mata, wurin faɗarsa shi ne taron iyaye da malamai, wato PTA. A can ake yanke kuɗin da za a biya, a can ake tsara lokacin tashi ranar Juma'a da yadda za a yi da azumi. Wanda bai je ba, an yanke da shi ke nan, ƙorafinsa a bakin shago ba ya isa ofishin firinsifal.

Akwai kuma ƙungiyoyin ɗalibai: ta muhawara, ta kacici-kacici, ta wasan kwaikwayo, da ta ɗalibai Musulmi, MSS, wadda aka kafa a Legas tun 1954. Yaranmu na Islamiyya su ne ya kamata su riƙe ta, domin mai haddar da za ta kai shi musabaƙa bai kamata a rasa shi a limancin masallacin makaranta ba.

Zango na uku shi ne mai nauyi. 'Yan aji uku suna rubuta jarrabawar fita ƙaramar sakandare, daga nan a raba su: kimiyya, adabi, ko kasuwanci. Abin dariya, 'ya'yan 'yan kasuwa su ne ke gudun ajin kasuwanci, wai na marasa ƙoƙari ne, alhali daga nan akanta da ma'aikacin banki suke fitowa. 'Yan aji shida kuwa suna da WAEC wajen Mayu da Yuni, sai NECO, wadda aka kafa a 1999, a bayanta. Abin nema kiredit biyar, har da Turanci da lissafi. Ga JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake yin ta, tun 2021 kuma ba a rajistarta sai da lambar katin ɗan ƙasa. A nan muna roƙon arziki: a duba sunan yaro. In katin ya ce Muhammad Sani, takardar makaranta ta ce Sani Mamman, an sayi wahala. Haka kuma mai shirin aurar da 'yarsa da ke aji shida, Allah Ya sanya alheri, amma a sa ranar bayan Yuli. Shekara shida ta yi tana tafiya, bai kamata a tsayar da ita saura wata biyu ba.

Sai maganar kandi, wato bikin gamawa. Ranar ba da kyaututtuka al'ada ce mai kyau, a kira yaro da sunan ubansa a miƙa masa littafi. Wadda ta shigo daga baya ita ce ta farar riga da maka, maza da mata suna yi wa juna rubutu a jiki, a hau babura a cika titi, a kama wuri a yi fati har dare. A 2025 gwamnatin Sakkwato ta hana wannan a makarantunta na sakandare. Mu ba sai mun jira doka ba. A unguwa ɗaya, Sintali ko Magami ko Sabon Gari, iyaye biyar za su iya haɗa kuɗi su yi wa yaransu walima irin ta saukar Alƙur'ani, a gayyato malamansu na boko da na Islamiyya, a ci shinkafa, a yi musu addu'a. Yaro yana son a san ya gama ne, in ba mu yi masa ba zai nema a waje.

Shawarar da muke kawowa gaban Shugaba ita ce, kowace unguwa ta ba da mutum biyu, namiji da mace, waɗanda za su riƙa karɓo jadawalin zango daga makarantun da yaranmu suke, a sanar a masallaci da wurin taron mata: ranar komawa, makon tes, ranar PTA, da ranar rufe rajista. Sakatare yana bakin ƙofa da littafi, wanda ya yarda ya ba da sunansa kafin a yi addu'ar tashi.