Abin da Muka Gano a Gandun Dajin Lekki: Jawabin Jagorar Masu Tattaki

Hajiya Shugaba, iyayenmu, mazajenmu da suka amsa gayyata, 'yan uwana mata, barkanmu da sake ganin wannan rana.

An ce in ba da labarin fitar da mu masu tattakin Asabar muka yi. Kun san mafarin abin: zaman shago ya yi mana yawa, hawan jini da ciwon suga sun sako mu gaba, sai muka riƙa zaga unguwa bayan sallar asuba. Bana muka ce bari mu taka wata ƙasar ba ta Agege ba. Muka yi karo-karo, muka ɗauki shatar bas zuwa gandun dajin Lekki, can tsakanin tafkin Legas da teku.

Jama'a, kuna barin titi kuna shiga ƙofa, ƙarar motoci ta ɗauke. Kan gadar katako ake tafiya, ƙasa fadama ce, sama inuwa. Ga ɗawisu, ga wani tsohon kunkuru, ga birai ba kunya. Ɗaya ya fizge ledar ƙosai daga hannun Ma'ajinmu, matar da ko kwabo ba a taɓa ƙwata a hannunta ba!

Sai gadar sama, mai tsawon mita 401, rataye a saman bishiyoyi, tana lilo. Wallahi ban taɓa jan Hasbunallahu kamar ranar ba. Masu ciwon gwiwa suka jira mu a ƙasa, sauran muka haye, kowa na ƙarfafa ta gabanta.

To, abin da na gani daga can sama shi ne dalilin tsayuwata. Bayan bishiyoyin, rufin gidaje ne da benaye iya ganinki. Hekta 78 ce kawai wannan dajin, wadda Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya ta keɓe tun 1990. Da ba a killace ta ba, da yanzu an cike ta da yashi an yanka filaye. Alhali fadama irin wannan ita ke shanye ruwan sama. In an cike ta, ruwan sai ya nemi hanya, kuma kun san yadda titunan Lekki ke zama da damina.

'Yan uwa, mu ma muna da tamu fadamar: asusun ko-ta-kwana. Na ji ana cewa tunda biki ne, kuma rayuwa ta yi tsada, a fasa shi kowa ta ɗauki nata. Ban ga laifin mai faɗa ba, ni ma kuɗin makarantar yara na wuyana. Amma in aka raba, nawa zai zo hannunki? Cefanen sati biyu. Ranar da gobara ta ci shagon 'yar uwarmu, daga ina muka tayar da ita? Ranar da aka kwantar da wata za a yi mata aiki fa?

Roƙona, a raba riba yadda aka saba, amma asusun nan a bar shi. Gobe za a kaɗa ƙuri'a, kowa ta kwana da maganar.

Masu son shiga tattaki kuma, Asabar bayan asuba, ƙofar Islamiyya. A zo da takalmi mara tsini.

Allah ya ƙara haɗa kanmu, ya sa albarka a neman kowa.