Ɗan baƙon da ake ƙirgawa a Turai

 

Idan damina ta fara ja da baya, wajen Satumba zuwa Oktoba, ku lura da wani ɗan tsuntsu mai ruwan toka da zane-zane a ƙirji. Yakan zauna a busasshen reshe, ya zabura ya cafke ƙuda a sama, ya dawo inda ya tashi. Nauyinsa bai kai giram 20 ba, amma daga Turai ya taso ya ƙetare Sahara. Wasu su yada zango a nan su wuce kudu, ɗan'uwansa mai farin tabo a fiffike kuwa yakan yi rani a dazuzzukan Afirka ta Yamma.

A Turai mai ruwan tokar yake sheƙa, a can kuma ake ƙirga shi. Tun 1994, a Birtaniya, dubban masu sa kai ne ke wannan aiki. Ana ba mutum fili mai kilomita ɗaya tsawo, kilomita ɗaya faɗi, kuma ƙuri'a ce ke zaɓar filin, don kada kowa ya ruga inda tsuntsaye suka fi yawa. Sau biyu yake zuwa tsakanin Afrilu da Yuni, da sassafe, ya bi layi biyu a ƙafa, ya rubuta duk tsuntsun da ya gani ko ya ji kukansa. Baɗi ya sake bin sawunsa. Ƙidayar shekara guda ba ta gaya maka komai. Sai an jera shekaru, kamar yadda manomi ke gane gona ta gaji idan damman da yake ɗaurewa suna raguwa kaka bayan kaka.

Abin da ƙidayar ta nuna ba daɗi. Idan aka haɗa da tsohuwar ƙidayar da ta gabaci wannan, mai ruwan tokar ya ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 a Birtaniya tun ƙarshen shekarun 1960. Ana zargin ƙarancin ƙwari a can, ana kuma zargin wahalar hanya, kuma hanyar ta bi ta kanmu.

Dattawa sun tuna farin da ya kai ga yunwar 1973. To, tun 1969 masu ƙidayar can suka ga wani tsuntsu na daban ya ragu ƙwarai cikin shekara guda, daga baya aka gano ƙarancin ruwa a Sahel ne ya kashe shi. Tsuntsu ya kai labarinmu Turai kafin rediyo.

Mu ma an fara namu. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Laminga, kusa da Jos, ta ƙaddamar da aikin taswirar tsuntsayen Najeriya a 2015, kuma da wayar hannu ake shigar da abin da aka gani. Samari, ga aikin da ya fi danƙo amfani.

Roƙona, ranka ya daɗe Dagaci, a bar gawo da kanya da ɗorawa a gonaki, a rage cinna wa daji wuta, domin a nan ƙwarin da ɗan baƙon nan yake ci suke. Wanda kuma ya tsinci tsuntsu da zoben ƙarfe a ƙafa, kada ya yar. Ya rubuta lambar da ke jiki da ranar da wurin, ya kawo wa mai unguwa.